Na Hana Ƙawata Sake Jarrabawar Lauyoyi, Ni Kuma Na Yi Rajista

Assalamu alaikum Anti, ke da duk masu bibiyar wannan shafi, ina yi muku barka da Salla. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma kafin a yanke min hukunci a daure a karanta har ƙarshe. Na san abin da na yi babu kyau, ba sai an faɗa min ba. Zagin kaina na yi shi har na gaji, yanzu shawara nake nema.

Ni mutuniyar Maraɗi ce, ina zaune a garin Greensboro na jihar North Carolina a Amurka, da maigidana da 'yarmu guda, Nana. Ina da ƙawa 'yar Damagaram, bari in kira ta Rakiya ko da yake ba sunanta ke nan ba. A unguwar Glenwood muka haɗu lokacin duk muna jami'a, gidajen hayarmu suna kallon juna, bas ɗaya muke hawa. Ranar da naƙuda ta kama ni ita ta kai ni asibiti, don maigidana yana bakin aiki a wani warehouse, wato rumbun ajiyar kaya, da ke titin Wendover kuma ba su sake shi da wuri ba. 'Yan Nijar da ke nan da yawa sun ɗauka ciki ɗaya muka fito. Ita ce ma ta fara sa min sha'awar aikin lauya. Mahaifinta tsohon magatakardan kotu ne a Damagaram, ita kuma ta fara karatun shari'a a Yamai kafin aure ya kawo ta nan. Da muka gama digiri ta ce min mu nemi makarantar lauyoyi, tun da ga sabuwa an buɗe a tsakiyar gari, ba sai mun bar mazajenmu mun tafi wani gari ba.

A nan ba a shiga irin wannan makaranta sai an zauna wata jarrabawa da ake kira LSAT, kuma makin da mutum ya samu shi ne kusan komai. Muka duƙufa karatu, kowace Asabar muna laburare. Anti, a nan ciwon ya fara. Akwai wani sashe na tambayoyi masu kama da kacici-kacici, ni sai in yi ta zane-zane a takarda har kaina ya yi zafi, ita kuwa kallo biyu za ta yi ta faɗi amsa, sannan ta juyo ta zauna tana koya min ba tare da ta nuna ta gaji ba. Duk gwajin da muka yi a gida ita ce a sama. In an je suna ko biki mata suna kiran ta Metir, yadda ake kiran lauya a wajenmu, ni kuma a ce min ƙawar Metir. Har maigidana ya taɓa cewa cikin wasa ƙwaƙwalwar Rakiya ba irin tamu ba ce. Na yi dariya tare da shi, amma maganar ta zauna min a rai.

A watan Yuni muka zauna jarrabawar. Da muka fito na ga idonta ya yi ja. Ashe a wani sashe ta tsallake layi ɗaya a takardar amsa, duk abin da ta cike bayan nan ya goce daga gurbinsa, ba ta lura ba sai da aka ce a ajiye fensir. Na ba ta baki na ce wataƙila bai kai yadda take tsammani ba. Da sakamako ya fito nata ya yi ƙasa ƙwarai, nawa kuma tsaka-tsaki, ba yabo ba fallasa. Karon farko ke nan tun da na san ta da na wuce ta a wani abu, kuma wallahi ina rungume da ita tana kuka amma can cikin raina wani sanyi nake ji. Wace irin ƙawa ce wannan?

Bayan 'yan makonni na je wurin wata baturiya mai ba ɗalibai shawara a tsohuwar jami'armu, na tambaye ta ko in sake zaunawa. Ta ce da can makarantu haɗa makin farko da na biyu suke yi su raba biyu, shi ya sa ake hana mutane maimaitawa, amma a wannan shekarar tsarin ya canza, yawancinsu yanzu wanda ya fi yawa suke dubawa. Na ba ta labarin Rakiya. Ta ce ai irinta ce ma ya fi kamata ta sake, in gaya mata kada ta yi wasa da damar.

Da la'asar ɗin ranar Rakiya ta shigo gidana, na same ta a zaune a kicin tana tsinke min zogale. Ta san inda na je. Ta ɗago kai ta ce, "Maman Nana, me matar ta ce? Faɗa min gaskiya, zan iya ɗauka."

Na buɗe baki, sai na ji ina cewa, "Ta ce haɗawa suke yi su raba biyu. Ko kin ci duka a karo na biyu, na farkon zai ja ki ƙasa."

Ta shiga lissafi da yatsa a kan tebur. Ta ce ke nan ko ta yi iya yinta ba za ta kai inda ake so ba. Na ce haka matar ta nuna. Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da tsinkar zogalen har ta gama, ta wanke hannu, ta yi min godiya da na je na tambayo mata. Ba ta je ta bincika ba, ba ta tambayi kowa ba. Me zai sa ta tambaya, bayan ni na faɗa?

Na sha tambayar kaina dalili. A lokacin abin da na gaya wa zuciyata shi ne, mu biyu ne 'yan ƙasa ɗaya, jami'a ɗaya, labarinmu kusan ɗaya, in takardunmu suka je gaban masu zaɓe tare, ɗaya za su ɗauka kuma na san ba ni ba ce. Babu wanda ya taɓa ce min haka ake yi, ni na ƙirƙira don in samu abin riƙewa. Gaskiyar ita ce na gaji da zama ƙawar Metir. Washegari na yi rajistar jarrabawar watan Disamba, ban gaya wa kowa ba.

Abin da ya fi tsaya min a rai ya faru ranar wata Lahadi a gidanta. Ta sayo katin waya ta kira mahaifinta ina zaune. Na ji tana gaya masa ta haƙura da zancen lauya, 'yar'uwarta ta je ta binciko mata, babu hanya. Sai tsohon ya ce a ba ni wayar. Na karɓa na gaishe shi. Ya ce, "'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tsaya wa 'yar'uwarki a ƙasar da ba ta da kowa. Ke ki ci gaba. In ɗayarku ta zama lauya, mu duka mun samu." Na ce amin Baba. Amin na ce, Anti, da bakin nan nawa.

Daga nan Rakiya ta koma wurin wata Hajiya mai shagon kitso, inda da can take taimakawa lokaci-lokaci. Hajiyar tana shirin komawa gida gaba ɗaya, ta ce Rakiya ta karɓi shagon, ita kuma ta amsa. Ba raina sana'ar nake yi ba, kitso ya rufa wa mata da yawa asiri a garin nan. Amma na san ba shi ne a ranta ba. Na taɓa shiga shagon na tarar tana yi wa wata mata kitso, talabijin tana nuna shari'a a kotu, hannunta yana kan matar amma ya tsaya cak har sai da matar ta yi magana.

Zancen rajistata bai ɓoyu ba, Nana ce ta ce wa Rakiya Mama tana karatu kuma. Na yi tsammanin za ta gane komai a take. Na yi sauri na ce ai nawa makin tsaka-tsaki ne, ko an raba biyu zan ɗan ƙaru. Ƙarya ta haifi ƙarya. Maimakon ta yi zargi sai murna ta kama ta. Ta kwaso duk littattafanta ta kawo min, da rubutun hannunta a gefen kowane shafi. Yanzu kowace Asabar ita ke zuwa ta ɗauki Nana ta tafi da ita shago don in samu in yi karatu, in ta dawo da ita kuma ta zauna ta duba inda na kuskure. Makina a gwaji yana ta hawa, kuma duk hawan da ya yi da hannunta a ciki. Azumin nan da ya wuce kusan kullum tare muka sha ruwa. Ta yi kunu ta aiko, mu tsaya sahu ɗaya a masallaci kafaɗa da kafaɗa, liman yana addu'ar Allah ya raba mu da hassada ina cewa amin. Wane azumi na yi? Wa nake yaudara?

Da abin ya ishe ni na gaya wa maigidana. Ya daɗe yana kallona kamar bai san ni ba. Daga baya ya ce kada in tona, zumuncin gidaje biyu ne zai watse, kuma garin nan ƙarami ne, magana ɗaya ta fita kowa ya ji har Maraɗi. Ya ce in je wa Rakiya da zancen a matsayin sabon labari, in ce yanzu na ji an canza tsari. Na ga kamar mafita ce. Ranar Salla bayan mun dawo daga idi na ja ta gefe na faɗa mata haka, har da nuna zumuɗi.

Ta yi murmushi ta ce, "Da a ce lokacin nan na ji, da na sake. Yanzu na riga na ba Hajiya kalmata, na gaya wa Baba, na yi kukana na share hawaye. Kada ki tayar min da abin da na binne. Allah bai rubuta ba."

Allah bai rubuta ba. Ni na san wanda ya rubuta. Ita a ganinta ƙaddara ce ta zo mata a makare, ta karɓa da imani, ba ta san labarin yana hannuna tun ranar da ta zauna a kicin ɗina ba. Na san halinta. In ta ji cewa hana ta aka yi, zuciya kaɗai za ta iya sa ta koma ta zauna jarrabawar, kuma za ta ci. Amma a ranar zan rasa ta, kuma ban san da wane ido zan kalli mijinta, da Hajiya, da tsohon da ya sa min albarka ba.

Yanzu an kusa rufe rajista, Hajiya kuma ta fara haɗa kaya. In zan yi magana, yanzu ne. Wani lokaci in ce bari in janye daga jarrabawar, in haƙura kamar yadda na sa ta haƙura, mu zama daidai. Sai kuma in tambayi kaina, in na janye me ta ƙaru da shi? Ba ta koma makaranta ba, na kuma zubar da wahalar da ta sha a kaina, kuma dole ta tambaye ni dalili in sake yin wata ƙaryar. Wani lokaci in ce in zauna, in na zama lauya na saka mata da alheri. To da wace fuska zan tsaya gaban alƙali ina neman wa wani haƙƙinsa? Kuma in ta gano da kanta bayan shekaru fa, lokacin da ba a iya gyara komai?

Anti, masu karatu, musamman malamai da waɗanda suka taɓa cin amana ko aka ci tasu, ku taimake ni. In sake jarrabawar ko in bari? In faɗa mata duka, ko yin hakan sauke nauyina ne kawai a kanta? Jiya da ta dawo da Nana ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara mata hula, ta ce min in kwantar da hankalina, ranar jarrabawar za ta ɗauki azumi saboda ni.

Me zan yi?