In Sa Hannu a Kori Kompadrena Daga Gidan Mai?

Dona Eunice, don Allah ki taimake ni kafin Juma'a. Zuciyata tafasa take yi, kuma duk wanda na tambaya a gidan nan sai ya ƙara min haushi.

Ni 'yar Jacarezinho ce, aure ya kawo ni Ponta Grossa. Babana rake ya sara har bayansa ya ranƙwafa, saboda haka ni etanol nake zuba wa mota, man rakenmu, ko duniya za ta taru a kaina. Mijina Adelmo kuwa sai fetur, wai ya fi kai shi nesa. Motarmu irin mai shan kowanne ce, ta 2010, shi ya yi sati da ita, ni in yi sati. Kuma kullum in ya dawo min da ita allurar mai tana kwance a ja, sai ka ce lashe tankin yake yi.

Tun shigowar sanyi motar ta fara iskanci. Da safe ta yi ta tari ta ƙi tashi, fitilar inji ta kama. Bakanikenmu Juarez, abokin ƙwallon Adelmo, ya ce sansa, wato na'urar da ke gane irin man, ita ce ta mutu. Ya canza. Bayan sati biyu abin ya dawo, ya ce jabu aka sayar masa, ya sake canzawa.

Sai Talatar da ta wuce. Wata tara Mamata tana jiran layin aikin ido a asibitin gwamnati, aka ba ta ƙarfe bakwai na safe a Curitiba. Ran Litinin da yamma na karɓi motar, na cika ta fal da man rake a gidan man bakin layinmu, na gangaro gida, tafiyar da ba ta kai minti biyu ba, na kashe. Da asuba raɓa ta daskare a gilashi, Mama na baya cikin bargo, ko ruwa ba ta sha ba saboda umarnin likita. Na yi ta murɗa makulli har batir ya mutu. Kafin mu sami wata motar mu isa, an ba wani gurbinta, wai mu koma mu jira kira. Tsohuwar nan carbinta kawai take ja, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Juarez ya shinshina bakin tanki ya ce, "Ai uwargida, algus aka yi wa man nan da ruwa, babu sansar da za ta jure." Wanda ya zuba min man kuwa Seu Valdomiro ne, kompadrena, wato shi ya riƙe 'yata ranar baftisma, shi kuma yana ce min komadre. Shekara goma sha tara yana kan famfon nan. Na je na wanke shi tas a gaban layin motoci, na ce masa ɓarawo, maci amana, na ce ya makantar min da uwa. Har salonsa na kullum na tona masa: ko yaushe sai ya ce, "Komadre, buɗe banet in duba miki ƙaramin tankin," don kawai ya ƙara sayar min da fetur, ni kuwa in ce ina sauri. Wata maƙwabciya ta ɗauke mu a waya, yanzu duk unguwa ta gani. Shi ko hularsa kawai ya cire, ya tsaya yana kallona.

Mai gidan man ya dakatar da shi. Ya ce in zo Juma'a in sa hannu a takardar ƙorafi, da ita zai sallame shi. Adelmo ya ce in na sa, kada in ƙara yi masa magana. Ji mutum, shi da ko lita ɗaya ba ya iya bar min! Ni kuma in na kalli idon Mama sai in ji ko yanzu a miƙo min biro. Dole wani ya ɗauki alhakin nan. In sa?

Mai Ƙunan Rai, Ponta Grossa

*

'Yar'uwa, kada ki sa. Ajiye biron nan ki saurare ni.

Haushinki yana kan hanya, wata tara ba wasa ba ne, kuma na tausaya wa Mama. Amma shekara ashirin da shida na yi a garejin mahaifina, kuma tun kafin in kai ƙarshen wasiƙarki raina ya ɓaci, ba da Seu Valdomiro ba.

Yawancin motocin nan na shekarun taki ba su da wata sansa ta musamman mai ɗanɗana mai. Wadda ke jikin salansa ce take karanta hayaƙi, ƙwaƙwalwar motar ta gane abin da aka ba ta, kuma sai inji ya yi zafi an yi tafiyar kamar minti goma sha biyar. Ke kin cika tankin da fetur ya ƙare a ciki da man rake, kin kashe bayan minti biyu. Motar ta kwana da zaton fetur ne a cikinta. Ga sanyi, man rake kuwa ba ya kamawa da sanyi, shi ya sa aka yi ƙaramin tankin fetur a ƙarƙashin banet don tayar da inji. A garinku Jacarezinho mai zafi ba ki taɓa buƙatarsa ba. Tashi yanzu ki buɗe, ina kyautata zaton a bushe yake ƙayau. Abin da mutumin nan ya yi ta roƙon ki bar shi ya duba ke nan.

Ban ce ba a algus ba, ana yi. Ki nemi a gwada man a gabanki, ki kuma tambayi maƙwabtan da suka sha a famfon ranar ko tasu ta ƙi tashi. Ko an sami ruwa, mai riƙe bakin famfo ba shi ke cika rijiyar man ba, kuma saurin da mai gidan yake yi na sallamar ma'aikaci kafin gwaji bai kwanta min ba.

Juarez kuwa ki canza shi. Hanci ba na'ura ba ce. Ya canza abu sau biyu bai taɓa jona kwamfuta ya ga wane mai motar ke zaton tana sha ba, da ya rasa ta cewa sai ya jefa wa wani laifi. Adelmo ma da nasa, a Ponta Grossa aka haife shi, ya san aikin ƙaramin tankin nan sarai. Daga yau duk wanda ya canza mai ya zaga gari kafin ya kashe. Batun Mama, kada ki zauna jiran kira, ki ɗauki takardunta ki je asibitin unguwarku ki nemi sabuwar rana, ki yi ta sintiri har su gaji da ganinki.

Sauran kuma ba wanda zai yi miki. Gobe da safe, lokacin da motoci suka yi layi, ki je gaban mai gidan man ki faɗa da ƙarfi cewa kin yi wa mutumin nan ƙazafi, maƙwabciyar ma ta zo da wayarta. Wataƙila ya yafe, wataƙila ba zai ƙara ce miki komadre ba har abada, wannan ba a hannunki yake ba. Abincin gidansa ne a hannunki, daga yau zuwa Juma'a.

Allah ya ba Mama lafiya, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.

Dona Eunice