Kwalbar Da Surukinka Ya Kawo

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da na san ba za ka amsa ba. Ko da kana raye sai an karanta maka boko, balle yanzu da ƙasa ta rufe maka ido. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, kuma kai kaɗai ya kamata in faɗa wa.

Gida lafiya. An yanke shinkafarka ta fadama, Kawu Bala ne ya tsaya a kai, ta yi kyau har abin haushi. Inna tana takaba, ta rame. Ni kuma tun ranar sadakar arba'in ina nan Gummi, ban koma Anka ba.

Haushinka nake ji, Baba. Ban taɓa faɗa maka haka ba, yau na faɗa.

Ka tuna ranar da mijina Sama'ila ya kawo maka kwalbar nan? Lokacin ya shiga sahun masu yawo da jaka suna tallar ƙwayoyin ƙarin lafiya daga Legas. Ya tsuguna ya ce bitamin ne, yana wanke jini. Kai da kake kan maganin hawan jini da na suga daga asibiti, ka karɓa hannu biyu kana sa albarka. Kana sha fuskarka ta ɗauki zafi, jiki ya hau ƙaiƙayi kamar an watsa maka ƙaiƙayin gero. Duk gidan aka ce cuta ce ke fita, ai maganin da ba a ji shi a jiki ba ba magani ba ne. Har ni na yi murna.

Sai bayan mun rasa ka Inna ta faɗa mini sauran. Ta ce in ka ɗago daga sujada sai ka dafa bango. Ta ce ƙishirwa ta dawo maka, da yawan fitsarin da dā ya lafa. Ka san daga kwalbar ne, don da bakinka ka faɗa mata. Ta ce maka ka bari, ka ce yaron kullum yana tambaya ko ana sha, da wane ido za ka dube shi? Ka hana ta faɗa mini, wai kada ka ɓata mini zaman gidana. Mutumin da ko ruwa ba ka sha a gabansa, ko sunansa ba ka kira, ina za ka iya ce masa maganinsa na cutar da kai?

Na kai kwalbar wurin likitan da yake duba ka. Ya ce wani irin bitamin ne da ake kira niyasin, kuma mai ƙarfi. Ya ce yana buɗe hanyoyin jini, in ya haɗu da maganin hawan jini sai jinin ya faɗi ƙasa, mutum yana miƙewa jiri ya kwashe shi. Yana kuma tayar da suga, ya raunana aikin ɗaya maganin. Bai rantse shi ne ya kashe ka ba. Amma ya ce duk zuwa yana tambayarka ko kana shan wani abu daban, kana cewa babu.

Kai da kake ƙetare gulbi da iyo yana cike maƙil da damina. Kai ne ka ɗago daga duƙe a gonar shinkafa, ka kifa cikin ruwan da bai kai gwiwa ba. Yaya zan yi da wannan, Baba?

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, kai ka koya mini. Amma ba ka koya mini cewa kunyar mara kunya asara ce ba, sai da na gani da idona. Ranar arba'in, mutane cike da gida, Sama'ila ya aiko wa Inna da sabuwar kwalba, wai ta ji ƙarfin jiki. Inna da ita ma ke shan maganin hawan jini! Kuma ta karɓa, ta sa albarka, ta ɗebo ruwa.

Na fizge ta daga hannunta. Na fita har zaure, gaban Kawu Bala da liman da baƙin da suka zo daga Bukkuyum, na faɗi duk abin da likita ya ce. Na ce duk mai shan maganin asibiti kada ya haɗa da wannan sai ya tambaya. Mata suka ce na zubar da mutuncin gidanka. Sama'ila ya ce na kira shi mai kisankai, na yi jayayya da ƙaddara, na kashe masa kasuwa. Ya ce in janye a gaban mutanen nan, ko in zauna inda nake.

Ban janye ba. Inna ba ta yi mini magana sosai har yau, amma tana tashi daga sallah ba ta dafa komai.

Jiya motar Anka ta sauke mini kayan ɗakina a ƙofar gida, da takardata a hannun direba. Auren da ka yi shiru dominsa har ka mutu ke nan, Baba. Ko ƙarshen takabar Inna bai kai ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ka huta. Ni ban huce ba tukuna.

'Yarka,
Balki