Kwalbar da Baba Ya Yi wa Ƙarya

Ƙanena Du-chil,

Gaisuwa mai yawa daga kasuwar Mokpo. Ya matarka, ya gidan tarihin naku?

Na ji aikinka a rediyo. Wai za a bar gaɓar teku ta Solge yadda take saboda jar tsutsar nan mai wuyar samu, a cike tamu ta Norumok da ƙasa a gina tashar jirgin ruwa. Hujjarka wata kwalbar tsutsa ce ta 1968 da aka rubuta "Solge" a jikinta. Malam mai digiri, Baba ne ya sayar wa farfesan da ya yi rubutun tsutsar, ina tsaye riƙe da bokiti. Ka taɓa ganin mai haƙar tsutsar kamun kifi ya faɗi inda yake haƙa? Ko surukinsa ne, wani wuri zai nuna masa. Solge duwatsu ne zalla. A Norumok take, da haƙarta mu mata talatin muke ci. Ka gyara.

Yayarka, Ok-bun

*

Yaya,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Na duba kwalbar, rubutun farfesa ne da hannunsa, har da kwanan wata. Kwamiti ba zai soke rubutu don abin da 'yar shekara tara ta tuna ba. Sunana kuma yana kan rahoton. In da hali, ki aiko samfuri.

Du-chil

*

Du-chil,

Ina gaishe ka, duk da haka. Ga tsutsa goma sha biyu nan cikin ciyawar teku, da ransu. Gwiwata ta kumbura kafin na cika su. Ka gaishe min da sunan naka, Allah ya ƙara masa lafiya.

Ok-bun

*

Yaya,

Sun iso, su ne kuwa. Na kai wa kwamiti har da wasiƙarki ta farko. Shugaban ya karanta, ya ce tunda da bakinki kin ce masu haƙa ba sa faɗin gaskiyar wuri, da me za a tabbatar daga Norumok kika haƙo? Na zuba su a kwalba. Me zan rubuta a jiki?

Ki gafarce ni,
Du-chil

*

Du-chil,

Lafiya lau. Motoci sun fara juye ƙasa a gaɓarmu tun Litinin. Rubuta Norumok. Yau kam ba wanda zan ɓoye wa.

Ka huta lafiya,
Ok-bun