A Sauko wa Maman Sani da Ganga

Zuwa ga ɗana Alkasim, a Hawandawaki.

Bayan gaisuwa, ina lahiyarka, da matarka Zara'u, da jikana Maman Sani? Ni lahiya lau nake a Kano, ina ɗinkin buhunan gyaɗa. Yatsu ne kawai ke kumbura. Ba komi.

An ce mini ka sayi akwatin radiyo, yaron yana wuni gabanshi yana kwaikwayon waƙar 'yan lakwal, yaran makarantar boko. Jikan makaɗin noma! Shekara arba'in ina tada majiya ƙarhi wurin gayya, yau gangata na rataye, gara na neman ta.

Na sani, ni na hana ka taɓa ta. Ranar da ka ɗauki gular kiɗa na mare ka gaban mutane, ba ka ƙara kallon ta ba. Ban ce na yi laihi ba, na dai gaji da tunawa.

Ka sauko da ita, ka aje ƙasa inda hannunshi zai kai. Kada ka koya mishi komi, kai ma ba ka iya ba. Ka bar shi ya buga.

In ya fasa ta, kada ka mare shi.

Allah shi yi muku albarka.

Ubanka, Ɗan Baba makaɗi