An Ƙirga Ƙauyenmu Ban da Ni

Daren Laraba, tsakiyar damina

Barci ya ƙi zuwa. Yau ma'aikatan gwamnati suka zo ƙirga mu. Babban birnin ƙasa zai dawo nan, hanya kuma za ta bi tsakanin dutse da rafi, daidai inda gidajenmu suke. Wanda aka ƙirga ne kaɗai zai samu fili can wajen Karshi.

Ina gona rafi ya cika, ban hauro ba sai la'asar. Inna suka tarar. Ta lissafa musu ƙannena kaf, ni ta tsallake ni.

Na ce, "Inna, yaya kika bar ni?"

Ta kau da kai. "Ka taɓa jin na kama sunan ɗan fari? A gaban baƙi zan fara?"

Matata tana tsaye da tsohon ciki, ita ma ba ta faɗin sunan miji. To ina za mu kafa ɗaki?

Mai unguwa ya ce sun yi mamakin ƙarancinmu. Dole su yi. Mata kawai suka samu, kuma kowane gida akwai miji da ɗan fari da ba a kama sunansu.