Huji Huɗu a Fatar Agogon Wana

Zuwa ga Mai Girma Magajin Garin ƙaramar hukumarmu, a yankin Buza.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Hamisu, manomi ne ni, gidanmu na gabas da kasuwa. Na rubuto a fili don abin da zan faɗa ba gidanmu kaɗai ya shafa ba.

Ranar Talatar da ta bi kasuwar farko bayan Babbar Salla, da hantsi, na dawo daga gona ɗaukar hauya na tarar da wana Sha'aibu kwance a gindin rumbu, rana ta riga ta kama rabin jikinsa. Ƙwaryar furar da matarsa Rabi ta ajiye masa tana gefe, ƙudaje sun rufe ta. Na kira shi, na girgiza shi, na zuba masa ruwa, bai motsa ba. Numfashinsa kuwa sai ya ja ɗaya, in jira har in fid da rai, sannan wani ya biyo. Da na kama hannunsa in ɗaga shi, agogonsa ya zame daga wuyan hannu ya gangara har gwiwar hannu. A ƙarƙashin jikinsa akwai ledoji biyu na giya, an tsotse su, da katin fararen ƙwayoyi, saura uku a ciki. A amalanken jaki muka kai shi likita, wato asibitin garinmu.

Ranka ya daɗe, ga yadda muka kai ga wannan safiya.

Na farko. Sha'aibu ya yi shekara uku a bida, wato ci-rani, a Abijan, yana turin kaya a kasuwa. Ya dawo bayan girbi a rame, ba ya barci, ba ya son abinci. Ka san halin garinmu. Wanda ya dawo daga bida, jikinsa ake fara kallo kafin jakarsa. In ya yi jiki, an ce tafiya ta yi kyau. In ya rame, kafin la'asar magana ta zagaye rijiya. Innarmu ta ce ba zai je Tamaske gaida surukansa a haka ba, sai ya murmure. Ita ta aike ni wurin mai teburin magani da ke shimfiɗa kayansa kowace Litinin a gindin itacen bedi, bakin shiga kasuwa, kuma ni na je da ƙafata. Ban ɓoye wannan ba, ba kuma zan ɓoye ba. Mutumin bai ga Sha'aibu ba, bai tambayi shekarunsa ba, bai tambaya ko yana shan wani abu ba. Ya ba ni farare ƙanana ya ce na barci ne, ya ba ni wasu jajaye ya ce na ƙiba ne, ya ce da ni: “Ka ba shi wata ɗaya, ko uwarsa ba za ta gane shi ba.” A nan kam bai yi ƙarya ba.

Na biyu. Abin da ba mu sani ba, Sha'aibu ya dawo da shan giya daga can. Kunya ta sa ya ɓoye mana, kuma mai teburin nan shi ne ke sayar masa da ita, 'yan ƙananan ledoji daga cikin kwalin da ke ƙarƙashin tebur. Wato hannun da ya miƙo ƙwayar barci shi ya miƙo giyar, ya kuma san ciki ɗaya za su shiga, don daga baya Sha'aibu da kansa ke zuwa sayen duka biyun.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. Cikin wata biyu fuskar wana ta cika, ciki ya fito, wando ya matse shi har Rabi ta sake masa zariya. Mutane suka shiga yi mana barka. A bakin masallaci ana ce masa: “Kai, ɗan Abijan, hutu ya karɓe ka!” Inna ta kai shi Tamaske da murna, surukai suka yanka masa zabi. Amma a cikin watannin nan sau huɗu yana kawo mini agogonsa, ya ce ya yi masa yawa. Sau huɗu ina sa ƙusa a wuta ina yi wa fatar agogon sabon huji. A na uku na tsaya na dube shi da kyau. Ta yaya mutum zai yi ƙiba a ciki, hannunsa na komawa kamar karan dawa? Mutumin da ke ɗaga buhun gero shi kaɗai, yanzu tulun ruwa sai ya huta sau biyu kafin ya kai gida. Barci daga bayan asuba har azahar, abincin safe ya wuce shi, na rana ya taɓa kaɗan. Ƙwaya biyun da aka ce ya riƙa sha ta daina kama shi, ya mai da ita huɗu, daga baya shida. Na gaya wa Inna, ta ce in bar bakina ya huta, ina yi wa ɗan'uwana baƙin ciki ne. Na yi huji na huɗu.

Na huɗu. A likita, majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya tsaya a kansa har numfashi ya daidaita, Allah ya saka masa da alheri. Da Sha'aibu ya farfaɗo, majo ya kira mu da Inna, ya danna babban yatsansa a ƙwaurin wana, ya ɗauke. Ramin yatsan ya zauna, bai cike ba. Ya ce wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Ya yi mana bayani yadda za mu gane, ni ma zan maimaita yadda na riƙe. Ya ce hanta ita ce madafar jiki. In giya ta shigo, sai hanta ta ture aikin abinci gefe ta koma kanta, ɗan abin da mutum ya ci ba ya zama ƙarfi. Ƙwayar barci kuma rage tafiyar komai take yi, har numfashi, mutum na kwance, naman hannu da na cinya na zubewa. In an haɗa su biyun, kowace tana ƙara wa 'yar'uwarta nauyi, mutum yana iya kwantawa ya zarce. Jajayen kuwa su ne suka hura masa fuska suka tara masa ruwa, suka rufe mana ido daga ramar da ke ƙasa. Inna ta daɗe tana duban ramin nan na ƙwauri. Tun ranar ba ta sake zancen murmurewa ba.

Na biyar. Majo ya gargaɗe mu kada mu yanke masa ƙwayoyin rana ɗaya, don jikin da ya saba yana iya faɗuwa da jijjiga. A hannun likita ake rage masa su kaɗan kaɗan, an kuma tura mu asibitin Madawa a duba hantar. Yanzu yana cin tuwo da safe, yana zama da mu a inuwa. Amma duk Litinin sai na bar gona na zauna a ƙofar gida, saboda daga zaurenmu ana hango gindin bedin nan. Shi da kansa ya roƙe ni. Ya ce: “Hamisu, ranar kasuwa kar ka bar ni ni kaɗai, ƙafata ta san hanya.” Litinin biyar ke nan ina gadin wana, ga damina ta kama, gona na jira. Na san wata Litinin za ta zo da ba na nan.

Ban fara da wasiƙa ba. Na je wurin mai teburin cikin ladabi, ya ce shi ba ya ɗura wa kowa. Na je wurin sarkin kasuwa sau uku. Na farko ya ce in yi haƙuri, na biyu ya ce mutumin baƙo ne mai bin kasuwanni, daga nan har Bangi, na uku ya ce maganar ta fi ƙarfinsa. Shi ya sa na kawo ta inda ba ta fi ƙarfi ba.

Ga roƙona. A tashi teburin nan daga bakin kasuwa kafin Litinin mai zuwa, a buɗe kwalin da ke ƙarƙashinsa a gaban shaidu, a kai ƙwayoyin wurin masu sani su faɗi ko mene ne. A sanar da magadan garin da yake bin kasuwanninsu, kada a kore shi nan ya shimfiɗa can. Sannan a ba majo dama ranar kasuwa ya yi wa mutane bayanin da ya yi mana, ya nuna musu dannawar yatsan nan, musamman iyaye mata masu jiran 'ya'yansu daga bida. Ba na neman a ɗaure kowa, ba na neman diyya. So nake wana ya kai girbi da ransa.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya taya ka riƙon jama'a, ya sa ka gama da mutuncinka.

Abin da na gani safiyar Talata ba ni kaɗai na gani ba. Rabi matar Sha'aibu tana tsaye. Malam Idi mai faci, maƙwabcinmu, shi ya kama ƙafafun muka ɗora shi a amalanke. Baba Nomau mai amalanken shi ya ja jakin har likita. Inna tana nan, ta ce a rubuta sunanta, Hawa, kuma a rubuta cewa ita ta aike ni. Duk sun yarda a kira su. Agogon yana aljihuna, don ba sauran wurin huji na biyar. Ranar da ka kira ni zan zo da shi ka ƙirga da kanka.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Hamisu, ƙanen Sha'aibu.