Littafin Darakta a Kantar Almara

Litinin, 3 ga Maris
Yau na ci amanar aikina. Tsohon Darakta ya aiko wa ɗakin karatunmu littafin da ya rubuta kan gaskiya da riƙon amana a aikin gwamnati. Na buga masa hatimi, na kai shi kantar ƙagaggun labarai, tsakanin aljanu da 'yan fashi. Da gangan. Mutumin da ya kori marigayi Baban yara saboda ya ƙi sa hannu kan rijiyoyin da ba a haƙa ba, shi ne yau zai koya mana tsoron Allah.

Talata, 4 ga Maris
Doguwa, abokiyar aikina, ta gano shi. "Yaya, ai kin kai shi gidan ubansa." Na yi dariya. Astagfirullah, har da hawaye.

Alhamis, 6 ga Maris
Wani akawu ya zo nemansa. An sa musu shi a jarrabawar ƙarin girma. Na nuna masa kantar harkokin mulki, ina kallo ya bi ta layi-layi da yatsa. "Hajiya, ko an ara ne?" Na ce ban sani ba. Ya ce zai dawo ranar Litinin. Ƙarya a kan ha'inci. Shi me ya yi mini?
Bayan la'asar na yi wa Allah alkawari: kafin akawun ya dawo ranar Litinin, zan mayar da littafin mazauninsa.

Juma'a, 7 ga Maris
Ban mayar ba.

Asabar, 8 ga Maris
Na zo da shi gida domin in tsinci ƙaryarsa. Hoton marubucin kaɗai ya isa: tasbaha a hannu, kumatu sun yi sheƙi. Babu rijiya ko ɗaya a ciki. Babu sunan kowa. Amma babi na huɗu yana magana kan ƙaramin ma'aikacin da ke ramuwar gayya da teburinsa, har wanda ba ruwansa ya cutu. Na rufe. Ɓarawo ne ya rubuta, kuma daidai ya rubuta. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Litinin, 10 ga Maris
Akawun ya dawo. Na miƙa masa littafin, na ce ni na ɓoye shi. Ya rasa inda zai sa idonsa.
Na cika alkawari, ko da yake a hannunsa na sa shi, ba a kanta ba. Darakta kuwa ban yafe masa ba. Yana da sauran tsayuwa da Baban yara a gaban Allah.
Na ce wa akawun ya fara da babi na huɗu. Don jarrabawa kawai.